Kafin Ka Sayi Tsohuwar Mota Don Hanyar Yebi

Wanda Allah ya nufe shi da tafiya gabas, ya bar Damagaram ya bi babbar hanya ta Gure da Gudumariya da Maine-Soroa har ya sauka a Diffa, idan niyyarsa ita ce ya zarce zuwa Yebi da ke can ƙasar Boso, kusa da inda kogin Komadugu yake zuba ruwansa a Tafkin Chadi, to, lalle ya sani kwalta za ta rabu da shi, ba abin da zai rage masa sai rairayi da laka da ƙarfin motar da ke ɗauke da shi. Galibin masu wannan tafiya, fataken tattasai ne ko na banda ko masu sada zumunci, ba su da halin sabuwar mota, sai tsohuwa wadda ta ratsa hannaye da yawa, kuma dominsu na ga ya wajaba a yi magana a kan tsatsa, aibin da ya fi kowane ɓuya ga idon mai saye.

Kafin maganar ƙarfe akwai maganar rai. Tun watan Fabrairu na 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa saboda fitinar Boko Haram, ita kanta Yebi an auka mata a 2016 har mutanenta suka warwatsu. Saboda haka kada matafiyi ya fita daga Diffa sai ya tambayi hukuma da direbobin tasha halin da hanya ke ciki a wannan rana, kada kuma ya bari magariba ta riske shi a daji. A irin wannan hanya, motar da shasinta ya karye ta jefa mai ita cikin abin da ya fi hasarar dukiya.

Mutane da yawa suna zaton ƙasa mai fari da zafin rana kamar wannan ƙasa ta Manga ba ta san tsatsa ba, alhali kuwa wannan zato shi ne ke sa su yi sakaci. Gaskiya ne busasshiyar iska tana kiyaye saman mota, amma cikinta ya sha ruwa iri-iri. Akwai wanda ta zo da shi daga Turai, domin motocin da ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, da yawansu sun yi shekaru a kan titunan da ake barbaɗa wa gishiri lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, shi kuwa gishiri idan ya haɗu da danshi yana gaggauta cin ƙarfe. Akwai ruwan Komadugu kansa, wanda al'adarsa ta saɓa da ta sauran ruwaye, domin daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake tasowa, bai cika kai ƙarshen cikarsa a nan ba sai damina ta wuce, har wata shekara ya fasa gaɓa ya shiga gidaje da gonaki kamar yadda ya yi a watan Oktoba na 2019. Motar da ta saba ratsa fadamu a wannan lokaci, laka tana shiga cikin ramukan shasinta ta zauna, ta riƙe laima wata da watanni bayan waje ya bushe. Sa'an nan ga kayan da ake loda mata, kanwa da gishirin Manga da ɗanyen kifi, waɗanda ruwansu ke tsiyaya a daɓen akori-kura ya kwanta a ƙarƙashin katako inda ba mai gani.

To, idan dillali ya kai ka gaban mota, kada ƙyallin fenti ya ɗauke maka hankali, kada kuma ka yarda a nuna maka ita da almuru ko tana jiƙe da ruwan wanki, domin jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye kumburi. Ka zo da hantsi, da tocila, da ɗan ƙarfe mai tsini, da maganaɗisu, da kuma bakanike naka wanda ba shi da rabo cikin la'ada. Ka nemi a hau da ita kan ramin gareji, ka sauka da kanka, ko da kuwa babbar riga ce a jikinka. Ni ban ga wata muruwa da ke zubewa don mutum ya durƙusa ya duba abin da zai zuba dukiyarsa a kai ba. Ka bi shasi daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa, lafiyayyen ƙarfe zai amsa maka da tsattsauran amo, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji amon ya mutu, wani lokaci har ɓawo ya zubo maka a fuska. Ka daɗe a wurin da sifirin yake haɗuwa da shasi, da wurin da ake kafa jak, da bayan tayoyin baya inda laka ke taruwa, ka bi siraran bututun burki da yatsa, ka dubi saman tankin mai. Jan da ya tsaya a sama, wanda idan an kankare ƙarfe zai fito fari, ba abin tsoro ba ne, kowace tsohuwar mota tana da shi. Wanda ake gudu shi ne mai tashi falle-falle, mai yin aikin gara a azara, wanda sai tsinin ƙarfenka ya lume sa'an nan za ka san ciki ya daɗe da ƙarewa. Idan ka tarar an shafe ƙasan mota da sabon baƙin kwalta, alhali sauran jikinta ya tsufa, ka tambayi dalili, ka kuma kankare ka gani.

A nan ya kamata a rarrabe tsakanin motoci. Toyota Land Cruiser da Hilux suna da shasi daban wanda aka ɗora jiki a kansa, saboda haka ana iya haƙuri da hujin ƙofa ko na madigadi matuƙar shasin lafiya yake. Amma ƙaramar Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna, wadda har ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, ita jikinta ne shasinta. Idan dokin ƙofarta na ƙasa ya ruɓe, ko kuwa wurin da ƙafar gaba take kafuwa a cikin ɗakin inji, to, ƙarfinta ya tafi, komai daɗin kukan injinta. Ina ƙaunar wannan mota, na kuma san alherin da ta yi wa matafiyan ƙasar Hausa da Barno, amma ƙauna ba za ta sa in ce da mutum ya ɗauki iyalinsa a cikin ruɓaɓɓiya ba.

Daga nan sai ka hau sama. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka taɓa daɓen, ka fitar da safaya ka dubi raminta, ka ɗaga batir ka ga abin da ruwansa ya yi wa mazauninsa, ka ɗan janye robar gilashi. Ka bi ƙasan ƙofofi da maganaɗisu, inda duk ya ƙi kamawa, to, ba ƙarfe ba ne, ƙullin cike rami ne aka shafa aka rufe da fenti. Yairayi a lungun da hannu ba ya kaiwa, da warin ruma, da tsatsa a kusoshin kujera, alamu ne na motar da ta taɓa nutsewa. Faci na walda ba laifi ba ne idan an yanke ruɓaɓɓen an dasa sabon ƙarfe, amma wanda aka liƙa a kan ruɓa yaudara ce. Lambar shasi kuma ka gwada ta da wadda ke cikin kartagiris da takardar duwan, domin shingayen jami'an tsaro suna da yawa a wannan hanya.

Shari'a ba ta bar wannan mu'amala kara zube ba. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun tabbatar cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ɓoye shi algus ne, kuma wanda ya sayi abu sa'an nan ya tarar da tsohon aibin da ba a faɗa masa ba yana da zaɓin mayarwa. Sai dai idan ya gani ya ci gaba da amfani da abin, wannan yana nuna ya yarda, ko da yake sun yi wa matafiyin da larura ta tilasta shi hawan dabbarsa uzuri. Amma haƙƙin mayarwa ba zai fisshe ka ba ranar da mota ta zauna da kai tsakanin Tumur da Boso, mai sayarwa kuwa yana can Diffa ko ya ƙetare zuwa Damasak. Don haka ka tambaye shi ƙarara a gaban shaidu biyu ko ta taɓa nutsewa, da irin kayan da ta saba ɗauka, a rubuta amsarsa a takardar ciniki. Ku kuma dillalai, ku ji tsoron Allah, ku faɗi abin da kuka sani.

Idan ciniki ya faɗa, duk lokacin da ka dawo daga fadama ka sa a wanke mata ƙasa da ruwa mai ƙarfi, a buɗe ƙananan hujojin da ruwa ke fita ta cikinsu a gindin ƙofofi, a shimfiɗa tamfol kafin a loda kanwa. Idan kuwa tsininka ya huda shasi ko da a wuri ɗaya ne, ɗan'uwa, ka yi wa mai ita godiya ka bar masa abarsa, ka je tasha ka biya kuɗin kujera zuwa Boso.