Kafin Ki Taɓa Jikin Mutum

'Yata, an ce min kun fara karatu, kuma tun a zangon farko an ɗora muku anatomi da fisiyoloji. An ce har kin rame. Littafin ya fi ƙarfin jakarki, sunayen kuma sun ƙi zama a ka. To, ki kwantar da hankalinki. Duk wanda kika gani da fararen kaya a asibiti ta nan ya bi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san inda nauyin yake. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, kowanne da sunansa na Latin ko na Girkanci. Tudun da ke jikin ƙashin ma da sunansa, ramin ma haka. Tsokoki kuwa sun haura 600. Mu kuma Allah ya ba mu baiwar hadda tun daga makarantar allo, sai mutum ya koma ga abin da ya saba. Hadda ba laifi ba ce, za ta yi miki rana a ɗakin jarrabawa. Amma mara lafiya ba zai tambaye ki sunan ƙashi ba. Shi dai yana kwance, numfashinsa sama-sama, yana jiran wanda ya san abin da ke faruwa a cikinsa.

Shi ya sa nake so duk sashen jikin da kika zo kansa, ki tsaya ki tambaye shi. Ina yake, kuma su wa ke maƙwabtaka da shi? Wannan shi ne anatomi. Wane aiki yake yi, ta yaya? Wannan shi ne fisiyoloji. Sai ki ƙara tambayar da malamai ba sa yawan sa wa a allo a shekarar farko: ranar da ya gaza, ko ranar da hannun wani ya ji masa ciwo, me zai sami mai jikin?

Bari in fara da allura, tunda ita ce za a fara miƙa miki. Akwai wata babbar jijiya da ake kira sayatik. Duk jiki babu mai kaurinta, ta kusa kai babban yatsa. Daga ƙasan ƙashin baya take fitowa, ta bi ta ƙarƙashin tsokar ɗuwawu, ta gangara bayan cinya har ƙafa. Jini ba ya bi ta cikinta. Saƙo take ɗauka: ita ke kai wa ƙafa umarnin motsi, ita ke dawo da jin zafi da jin taɓawa. Don haka ne za a koya muku ku raba ɗuwawu gida huɗu da ido, ku yi allura a gidan sama na waje kawai. Jariri kuma a gefen cinya ake yi masa, saboda tsokar ɗuwawunsa ba ta yi kauri ba tukuna.

A littafi wannan layi biyu ne. A shekarun da na yi ina aikin jinya na ga yaran da aka kai su allurar zazzaɓi a wani shago, suka koma gida suna jan ƙafa. Uwa na cewa shan-inna ne, kaka na cewa iska ce. Wanda ya yi allurar ba mugu ba ne, 'yata. Taimako ya yi niyya. Bai san abin da ke ƙarƙashin fatar ba ne kawai, yaron kuma shi zai rayu da wannan ƙafar.

Idan Babbar Sallah ta zo, kada ki bari a soye kayan ciki ba ki duba ba. Ki roƙi zuciyar ragon da huhunsa, ki sa a faranti, ki samo wuƙa mai kaifi. Ki tsaga zuciyar daga sama zuwa ƙasa. Za ki ga ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, irin na mutum. Ki sa yatsa ki taɓa bangon ɗakin ƙasa na hagu, sannan na dama. Na hagun ya ninka na daman kauri wajen sau uku. Kada ki wuce sai kin tambayi dalili. Na dama huhu kawai yake tura wa jini, huhu kuwa maƙwabci ne. Na hagu shi zai tura jini har ƙwaƙwalwa, har ɗan yatsan ƙafa. Ki duba ƙofofin nan masu laushi da ke tsakanin ɗakunan, da 'yan zaruruwan da suka riƙe su. Gefe ɗaya suke buɗewa, don kada jini ya koma baya. Sannan ki yanki ɗan huhu ki jefa a kwanon ruwa. Zai taso, saboda iskar da ke cikin ƙananan jakunkunansa. Ki jefa hanta, za ta nutse. Gani ya kori ji.

Sai dai ki riƙa tunawa rago ba mutum ba ne. Tumbinsa ma gida huɗu ne, namu ɗaya. Wannan wurin ya taɓa kayar da manya. Jalinus, babban likitan da ya yi zamani a Rum a ƙarni na 2, birai da aladu ya riƙa feɗewa, domin a lokacin ba a yarda a feɗe gawar mutum ba. Ya gano abubuwa masu yawa na gaskiya, ya kuma ɗora wa mutum wasu abubuwan dabba. Ya ce jini na ratsawa daga gefen dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan huduji da ke bangon tsakiya. Aka yi sama da shekara dubu ana haddace wannan ana koyar da shi. Sai Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya rubuta a sharhinsa na littafin Ibnu Sina cewa bangon nan a toshe yake. Ya ce jini daga dama huhu yake zuwa, ya gauraya da iska, sannan ya dawo hagu. A 1543 Andreas Vesalius, malami a Padua ta ƙasar Italiya, ya fitar da littafinsa bayan ya feɗe gawarwaki da hannunsa, ya nuna har muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba kamar yadda aka gada. A 1628 kuma William Harvey na Ingila ya yi lissafi. Ya ga jinin da zuciya ke turawa cikin ɗan lokaci ya fi duk wanda ke jiki yawa, ya ce ashe jinin nan zagayawa yake yi yana dawowa. Waɗannan mutane ba su raina malamansu ba. Sun dai buɗe ido sun duba.

Ke ma ki yi lissafin Harvey. Zuciyar babba tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa. A ce sau 70. Kowane bugu yana fitar da kimanin mililita 70. Ki ninka, za ki samu kusan lita 5 a minti guda. Jinin da ke jikin babba gaba ɗaya ma kusan lita 5 ne. Kenan a kowane minti kusan duk jininki ya bi ta zuciyarki.

Ki riƙe wannan lissafin, domin za ki neme shi a ɗakin haihuwa. Nan ne nake so ki fi ba ni hankalinki.

Mace mai cikin da ya tsufa, jinin da ke zuwa mahaifarta ya kai rabin lita a minti, wani lokaci ya fi. Da zarar mabiyiya ta rabu, hanyoyin jinin nan a buɗe suke. Me ke tsayar da su? Tsokar mahaifa. Zaruruwanta a sarƙe suke kamar saƙar tabarma, jijiyoyin jini na ratsawa ta tsakaninsu. Idan mahaifa ta tsuke, sai saƙar ta shaƙe jijiyoyin, jini ya tsaya. Idan ta saki, jini ya yi ta zuba. Shi ya sa ungozoma ke ɗora hannu a marar mai jego. In ta ji mahaifa da tauri, hankalinta ya kwanta. In ta ji ta yi laushi, sai ta murza ta, ta kira taimako, a yi allurar da ke tsuke mahaifa. Shi ya sa kuma take duba mafitsara. A gaban mahaifa take zaune, in ta cika sai ta ture mahaifa ta hana ta tsukewa. Kin ga amfanin sanin maƙwabta.

Idan jinin da ya zuba bayan haihuwa ya kai mililita 500, an shiga haɗari. Amma jiki yana da ɓoye rauninsa, musamman jikin yarinya mai ƙarfi. Jini na raguwa, zuciya sai ta ƙara sauri don ta cike gurbi. Jijiyoyin jinin fata su tsuke, don a tanada jini ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Saboda haka awon hawan jini zai iya nuna lafiya lau, alhali bugun ya haura 100, tafin hannu ya yi sanyi, matar na cewa ƙishirwa take ji. Wadda ta haddace lamba kawai za ta rubuta a kati ta wuce. Wadda ta fahimci abin za ta san ruwa ba ya tsami banza. Kafin awon jini ya faɗi, ita ta riga ta nemo likita. Tsakanin waɗannan biyun akwai uwa guda, da jaririn da ko dai ya sha nononta ko ya tashi maraya.

Ƙoda ma tana ba da labari. Kowace ɗaya tana da ƙananan matatai kimanin miliyan guda. Su biyun suna tace wajen lita 180 na ruwan jini a yini, su maida kusan duka cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Idan jinin da ke isa gare su ya ragu, fitsari ya ragu. Don haka idan aka ce ki auna fitsarin mara lafiya awa-awa, kada ki ɗauka an raina ki ne. Babba da ke fitar da ƙasa da mililita 30 a awa, a sanar da likita. Aikin ba daɗin gani, na sani. Amma ya ceci ƙodoji da yawa daga zuwa wanki.

Sai yara. Ruwa ya kai kashi 60 cikin ɗari na jikin babba, na jariri kuwa ya kusa kashi 75, kuma ya fi saurin rasa shi. Ki shafa tsakiyar kan jariri a hankali, za ki ji maɗiga, wurin da ƙasusuwan kai ba su haɗe ba tukuna. Sai wajen wata 18 take rufewa. Idan yaro na amai da gudawa maɗiga ta lotsa, iyayenmu sukan shafa mata magani. Soyayya ce ta sa su, kada ki yi musu tsawa. Ki zauna ki nuna wa uwar cewa ciwon ba a kai yake ba, ruwan jiki ne ya ƙare. Ki ɗan ja fatar cikin yaron ki sake, ta ga yadda take jinkirin komawa. Sannan ki koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari. In babu na leda, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dalilinsa yana cikin littafin da ke ba ki wahala: bangon ƙaramin hanji yana shigar da gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya bi su, ko da gudawar ba ta tsaya ba. Idan aka cika gishiri ko sukari, sai a ƙara wa yaron ciwo. Uwar da aka gaya wa dalili ba ta wasa da awon.

Wata rana ana iya kai ku ɗakin gawarwakin koyo. Warin maganin zai sa ki hawaye, ƙila ki kasa cin nama kwana biyu. Ba komai, zai wuce. Abin da nake roƙonki, kada sabo ya sa ki manta wanda ke kan teburin ɗan wani ne, an yi murna ranar da aka haife shi. Kada ki ɗauki hoto. Kada ki shiga cikin masu raha a kansa. Wurin da ba a karatu a kai, ki ja mayafi ki rufe. Hannun da ya saba suturta mamaci ba zai yaye wa mai rai zane a gaban jama'a ba.

Karatun kansa kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi kwana zaune daren jarrabawa, don ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka koya. Ki riƙa zane da hannunki, ko bai yi kyau ba. Ki tuna dama da hagu a littafin na mara lafiya ne, ba naki ba. Duk ƙashin da ake iya taɓawa, ki laluba shi a jikinki: ƙashin wuya, haƙarƙari, tudun ƙugu. Abin da ya shige miki duhu ki tambaya a aji, matambayi ba ya ɓata. In kina so ki gwada ko kin gane darasi, ki yi wa mahaifiyarki bayaninsa da Hausa. Inda kika ji harshenki ya sarƙe, nan ne ba ki gane ba, sai ki koma ki sake dubawa.

Idan kin zo hutu, ki taho da agogo mai ƙirga daƙiƙa. Ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa. Kada ki auna da naki babban yatsan, shi ma yana da bugunsa. Ki ƙirga minti cikakke. Ki auna na ƙannenki kafin su yi gudu da bayan sun yi, ki auna na jaririn maƙwabta, kada ki tsorata in kin ji 140, daidai ne a wurinsa. Ki auna na babanki, ki lallashe shi ya je a gwada masa hawan jini, don mun daɗe muna fama da shi a kan haka. Ni ma ki zo ki auna nawa.