HUKUNCIN BA ƊAN'UWA BASHI IDAN MAI ƁARNAR DUKIYA NE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya sanya dukiya amana a hannun bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, darasinmu a kan wata mas'ala ce da ta raba gidaje da yawa a ƙasar Pauwa, da Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa. Mu mutanen noma ne. Da kaka, in an kai masara da waken soya kasuwar Sheme ko Dandume, kowa da kuɗi a aljihu. Kafin ruwa ya sauka an cinye, ga taki ana nema. Matsalar 'yan bindiga ta hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuma ya ƙara wa kaya tsada. Saboda haka saurayin da Allah ya buɗa wa ɗan shago a Funtuwa, ko yake sana'a a Kano ko Legas, wayarsa ba ta hutawa.

A cikin masu kiran akwai wanda ka san halinsa. Wanka ne, ko ƙanenka, ko ɗan baffanka. Ka ranta masa bara, bai biya ba. An saya masa taki, ya sayar. Yau ga shi ya dawo yana cewa, "Wallahi wannan karon da kaka zan biya." To, ka ba shi ko ka hana?

ASALIN BA DA BASHI

Ka sani, ba da rance aikin lada ne, mustahabbi ne, ba farilla ba. Wanda ya ba mabukaci ya sami lada, ladan kuma ya fi yawa idan ɗan'uwa ne, domin ya haɗa taimako da sada zumunci. Amma wanda aka roƙa rance bai bayar ba saboda wani dalili, bai yi zunubi ba. Malamai kuma sun ce hukuncin yana canjawa da abin da za a yi da kuɗin. Idan ka san caca za a yi da su, ko shaye-shaye, bayarwar ta zama haram, domin taimako ne a kan saɓo.

WANE NE SAFIHI?

A aya ta 5 cikin Suratun Nisa'i, Allah ya hana a danƙa dukiya a hannun safihai, watau wawayen da ba su san tattalinta ba. Irin waɗannan ayoyi ne malaman fiƙihu suka kafa hujja da su a babin hajru, watau alƙali ko waliyyi ya hana mutum juya dukiyarsa da kansa har sai hankalinsa ya zauna. To duba, ɗan'uwa. Idan shari'a tana iya hana mai ɓarna dukiyarsa ta kansa, yaya za ta tilasta maka ka miƙa masa taka?

Amma kada ka yi gaggawar kiran kowa safihi. Talauci daban, wauta daban. Wanda ya yi noma fari ya cinye, ko aka kore masa shanu, ko jinya ta cinye jarinsa, wannan mai tsanani ne. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umurni a jinkirta wa irinsa har ya samu, ta kuma nuna yafe masa ya fi alheri. Safihi kuwa ga alamominsa:

1. Kuɗi na shigowa hannunsa, amma ba a ganinsu a tukunyar gidansa.
2. Ya karɓa don taki, sai a ga sabuwar waya, ko a ji ya zuba su a cacar ƙwallo.
3. Yana da abin biya amma sai ja da baya, gobe, jibi. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa jinkirin mai hali zalunci ne.
4. In ka tuna masa, sai ya yi fushi ya kai ƙararka wurin gyatuma.

KADA KA YANKE SHI

Nan ne samari da yawa suke kuskure. Ya hana kuɗi, sa'an nan ya hana gaisuwa, ya daina taka gidan. A'a. Ita wannan aya ta Nisa'i da ta hana ba su dukiya, ita ce kuma ta ce a ciyar da su, a tufatar da su, a gaya musu magana mai daɗi.

Ka tuna ƙissar Sayyidina Abubakar da Misɗahu, Allah ya yarda da su. Misɗahu danginsa ne, matalauci, Abubakar ke ɗaukar nauyinsa. Sai ya shiga cikin masu yaɗa ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, 'yar Abubakar ɗin. Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da shi ba. Sai aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana kira zuwa afuwa, ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. To kai me ɗan'uwanka ya yi maka da ya kai wannan? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

TO YAYA ZA KA YI?

Na farko, ka tambayi bukatar, sa'an nan ka biya ta da hannunka. In ya ce abinci, auno masara ka aika wa mai ɗakinsa. In magani ne, je ka kemis da takardar. In kuɗin makarantar yara ne, kai wa makarantar. Matarsa da 'ya'yansa ba su yi maka laifi ba. Kuma da wannan za ka gane mai gaskiya, domin mai jin yunwa ba ya raina hatsi, amma wanda ya ce lalle sai tsabar kuɗi, ya gaya maka abin da yake nema.

Na biyu, kyauta kaɗan ta fi rance mai yawa. Alal misali ya nemi naira 200,000, jarinka kuwa duka bai wuce 500,000 ba. Ba shi 20,000 ka ce, "Yaya, wannan kyauta ce, ba na binka komai, abin da zan iya ke nan." Ka sami lada, jarinka ya tsira, ranar Sallah kuma za ku haɗa ido ba nauyi.

Na uku, in ka ga alamar gyara, ka nufi sana'a da shi. Aya ta 6 a Nisa'i ta koyar da a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu. Kai ma jarraba shi da kaɗan. In ya riƙe amanar buhu ɗaya, gobe a ba shi biyu.

Na huɗu, in ka yanke shawarar ba da rance, to ka rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take: a sa ajali, a rubuta, a kafa shaidu. Har ta ambaci cewa idan mai cin bashin safihi ne, waliyyinsa ne zai yi shifta a madadinsa. Galibin malamai sun ɗauki rubutun a kan mustahabbi, amma a irin wannan hali wane mai hankali zai bar shi? Mutanenmu suna cewa, "Haba, tsakaninmu har da takarda?" Wannan kunya ce ta al'ada, ba ta addini ba. Jingina ma halal ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa.

Na biyar, kada tsoron asara ya kai ka ga riba. Ka ba da buhun masara ɗaya da damina a kan a biya ka biyu da kaka, wannan riba ce ko da ɗan'uwanka ya yarda. Haka kuma a mazhabar Malikiyya, ba ka lissafa bashin da kake bin wanda ya kasa biya ka ce ya zama zakkarka. Wanda kuma ya ci bashi don fasadi, ba a biya masa daga zakka sai in ya tuba.

TAMBAYOYI BIYU

Wani zai ce, "Malam, mahaifiyata ce ta ce in ba shi." Kada ka ɗaga mata murya. Zauna ka nuna mata lissafi, ka ce, "Inna, in jarin nan ya karye, da ni da ke da shi duka mun zauna. Amma na ɗauki cefanen gidansa na wata kaza." Yawanci uwa yunwar jikokinta take tsoro. In ta ga an kawar da wannan, hankalinta zai kwanta.

Wani kuma zai ce, "In rai ne fa?" Mutanen yankin nan ba su manta da kwashe ɗalibai fiye da 300 da aka yi a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 ba, da abin da gidaje da yawa suka gani a ƙauyuka. Idan ɗan'uwanka yana hannun miyagu, ko matarsa na kan gwiwa a asibiti, ba ranar tuna tsohon bashi ba ce. A ceci rai tukuna. Sai dai ko a nan, a damƙa kuɗin ga amintaccen dattijo a dangi.

IN KAI NE MAI KARƁA

Watakila mai karanta wannan, ba shi ne ake roƙo ba, shi ne mai roƙon. To ka ji tsoron Allah. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Annabi ya tambaya aka ce ana binsa dinari 3 kuma bai bar komai ba, sai ya ce sahabbai su yi masa salla su kaɗai, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kuɗin ƙanenka guminsa ne, zumunci bai halatta maka shi ba. Tashi yau ka same shi, ku rubuta abin da yake binka, ka fara biya ko da tiya ɗaya ce.

Allah ya raba mu da nauyin bashi, ya shiryi 'yan'uwanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.