FACIN HUFFI DA SAFA, DA HUKUNCIN SHAFA A KANSU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, idan hunturu ya kankama a ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa da Sule Tankarkar har Maigatari a bakin iyakar Nijar, wanke ƙafa da asuba yakan yi wa tsofaffi da masu faso wuya. To, shari'a ta yi rangwame, ta halatta shafa a kan huffi. Najjashi, sarkin Habasha, ya aiko wa Manzon Allah kyautar huffi baƙaƙe guda biyu, ya sa su, ya yi alwala, ya yi shafa a kansu.

Amma rangwamen yana da sharuɗɗa. A littafin Muhtasar, Shehu Halilu ya bayyana cewa lalle huffin ya kasance na fata mai tsarki, ɗinkakke, wanda ya rufe idon sawu, ana kuma iya tafiya da shi. Sa'an nan a sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Safar auduga ko ta ulu, a mashahurin zancen Malikiyya, ba a shafa a kanta sai an lulluɓe samanta da ƙasanta da fata, ko da yake Hambaliyya sun halatta idan mai kauri ce.

A nan ne allura ta shigo cikin fiƙihu. Idan huffi ya yage, yagewar ta kai sulusin ƙafa, shafa ba ta inganta ba, salla kuwa ta bi alwalarta. Idan ba ta kai sulusi ba, bakinta kuma a haɗe yake, babu laifi. Idan ta wangame har fatar ƙafa ta bayyana, shafa ta faɗi, sai fa in huda ce 'yar mitsitsiya wadda danshin hannu ba ya ratsa ta. Watau mutum yana iya yin kwanaki yana salla babu alwala, saboda ɓarakar da aikin sa'a guda zai toshe.

Gyaran ba shi da wuya. Baduku yakan yanko ƙyallen fatar akuya jemammiya, ya huda da basilla, ya ɗinke da zare mai ƙarfi wanda aka goga wa kakin zuma. Wanda ya je cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya tafi da huffinsa wurin dukawa. Ita kuwa safa, sai a cusa ɗan ƙoƙo ko kan ludayi a cikinta don dunduniyar ta miƙe, a jera zare a tsaye, sa'an nan a ratsa shi a kwance, sama da ƙasa, kamar yadda masaƙi yake yi, har ramin ya cike.

Kada wani ya ɗauki faci abin kunya. Nana A'ishatu ta ba da labari cewa Annabi yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa da hannunsa. A cikin Muwaɗɗa kuma, Anas ya ga Sayyidina Umaru, yana Sarkin Musulmi, da maho uku a tsakanin kafaɗunsa. Jefar da abin da zai gyaru almubazzaranci ne.

Saboda haka kowane mai huffi ya duba shi kafin ya yi shafa, musamman ran Juma'a da ake so ya cire shi don wanka. Allah Shi ne Mafi sani.