Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin rigunan ƙwallon ɗalibai a Birnin Gwari

Wani malamin wasanni a wata sakandare a Birnin Gwari ya aiko da tambaya: ɗalibansa sun kafa ƙungiyar ƙwallo, amma ba riguna, ba kuɗin motar zuwa gasa a Kaduna. Ina zai dosa?

To Malam, fara da gida. Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024, bayan shekaru tana rufe saboda 'yan bindigar daji, dillalan dabbobi da 'yan kasuwar hatsi sun fara farfaɗowa. Ka je wurin Sarkin Kasuwa tare da shugaban makaranta, riƙe da takarda mai hatimi. Kada ka tsaya kan "a taimaka mana". Ka ce riga 18 muke so, ga farashin kowace, za mu rubuta sunan shagonka a bayanta. Ɗan kasuwa ya fi sakin hannu idan ya ga inda kuɗinsa zai shiga. Direbobin tasha kuwa, kujerun motar zuwa Kaduna za ka roƙa.

Ni dai gayya ta fi kwanta mini a rai. A nemi gona kusa da gari, kada a kai yaran nan cikin daji. Iyaye da ɗalibai su noma masara, a sayar da ita da kaka. Duk abin da ya shigo a rubuta, a karanta a taron iyaye da malamai, sannan a kai wa kowane mai gudummawa hoton yaran sanye da rigunansu.