Sasanta Rigima Cikin Lumana: Darasi Daga Bakasi

GABATARWA

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, balle maƙwabtan da suka haɗa iyaka. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami rigima tsakanin manomi da makiyayi, ko ƙauye da ƙauye, ko ƙasa da ƙasa. Abin dubawa shi ne yadda za a kashe ta ba tare da zub da jini ba. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai karatu cewa alƙali yana iya faɗin mai gaskiya, amma rigima ba ta mutuwa sai masu ita sun zauna sun shirya yadda za a aikata hukuncin. Za mu ɗauki misali daga rigimar Bakasi tsakanin Nijeriya da Kamaru.

HANYOYI UKU

Hanya ta farko ita ce kwantar da tarzoma, watau matakin gaggawa da shugabanni kan ɗauka sa'ad da rai ya ɓaci, domin kada abu ya kai ga yaƙi. Ta biyu ita ce shawarwari, inda masu rigima da kansu suke zama fuska da fuska, kowa ya faɗi bukatarsa, kowa kuma ya rage wani abu. Ta uku ita ce shiga tsakani, inda wani wanda ɓangarorin biyu suka amince da shi yake haɗa su. Mai shiga tsakani ba alƙali ba ne. Ba ya yanke hukunci, ba shi kuma da ikon tilasta wa kowa. Jarinsa kawai shi ne amana da haƙuri.

ASALIN RIGIMAR

Bakasi yanki ne na ruwa da fadama a bakin teku, kusa da Kalaba, mai albarkar kifi, ana kuma kyautata zaton akwai man fetur a ruwansa. Yawancin mazaunansa masunta ne 'yan Nijeriya. Kamaru kuwa ta dogara ga yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913, da kuma sanarwar Marwa wadda Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahidjo suka sa wa hannu a 1975 a kan iyakar ruwa.

A watan Mayu na 1981 aka kashe sojojin Nijeriya 5 a kan iyakar. Hankalin jama'a ya tashi, mutane da yawa suka nemi a rama. Gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ƙi ɗaukar makami, ta nemi a ba da haƙuri a kuma biya diyya, Kamaru kuwa ta yi hakan. Wannan shi ne kwantar da tarzoma. Amma da yake ba a taɓa tushen rigimar ba, sai ta sake tashi. Sojojin ƙasashen biyu suka yi arangama a farkon 1994, a watan Maris na shekarar kuma Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke ƙasar Holan.

HUKUNCI DA SHIGA TSAKANI

Shari'ar ta ɗauki shekara 8. Ranar 10 ga Oktoba, 2002, kotu ta ce Bakasi ta Kamaru ce. Hukuncin bai yi wa 'yan Nijeriya daɗi ba, Gwamnatin Tarayya ma ta nuna rashin gamsuwarta, ga kuma sojoji jibge a yankin. Da an tsaya nan, da takardar kotu ba ta hana faɗa ba.

A nan ne aikin Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya bayyana. Tun a watan Satumba, kafin a yanke hukunci, ya haɗa Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya a Faransa domin a shirya zukata. A watan Nuwamba ya sake haɗa su, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu a ƙarƙashin wakilinsa, Ahmedou Ould-Abdallah. Hukumar ba ta fara da Bakasi ba. Ta fara da inda ya fi sauƙi, watau yankin Tafkin Cadi, inda Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 a watan Disamba na 2003, ita ma Kamaru ta miƙa wa Nijeriya wasu wurare. Da kowane ɓangare ya ga ɗan'uwansa yana cika alkawari, sai aka sami ƙarfin gwiwar tunkarar babbar matsalar.

Ranar 12 ga Yuni, 2006, shugabannin biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, wakilan Amurka da Ingila da Faransa da Jamus suna shaida. Nijeriya ta yarda ta janye sojojinta cikin kwana 60. Kamaru kuwa ta ɗauki alkawarin ba za ta kori 'yan Nijeriya mazauna Bakasi ba, ba za ta tilasta musu sake ƙasa ba, za ta kuma bar su da harshensu da al'adunsu da sana'arsu ta su da noma. An kammala miƙa yankin a Kalaba ranar 14 ga Agusta, 2008, a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa.

ABIN DA YA RAGE

Bai kamata a ɓoye cewa sulhun ya bar tabo ba. A 2007 Majalisar Dattijai ta yi ƙorafin cewa ba a kawo mata yarjejeniyar ta amince da ita ba. Dubban mutanen Bakasi kuma sun bar gidajensu sun koma Jihar Kuros Riba, da yawansu suna kukan cewa ba a ji ta bakinsu ba, ba a kuma tsugunar da su yadda ya dace ba. Wannan ma darasi ne.

DARUSSA

1. Idan rai ya ɓaci, aikin farko na shugaba shi ne hana ramuwar gayya.

2. Kwantar da tarzoma ba sulhu ba ne. Lalle ne a koma ga tushen rigima, in ba haka ba za ta sake tsiro.

3. A zaɓi mai shiga tsakani wanda ba shi da moriya a cikin abin da ake jayayya a kai.

4. A fara da ƙananan batutuwa, domin amana ba ta samuwa rana ɗaya.

5. A rubuta abin da aka shirya, da wa'adinsa, a gaban shaidu.

6. A saurari talakawan da abin zai shafa tun kafin a sa hannu.

KAMMALAWA

Waɗannan ƙa'idodi ba na shugabannin ƙasashe kaɗai ba ne. Dagaci da mai unguwa, limami da fasto, shugaban manoma da arɗon Fulani, duk suna iya aiki da su a kan rigimar gona ko burtali ko rumfar kasuwa. Wanda ya yi nasara a kotu da wanda ya faɗi, gobe ma maƙwabta ne, rijiya ɗaya za su sha. Zaman lafiya, in ji magabata, ya fi zama ɗan sarki.