Amsoshin Tambayoyinku: Boko ne ya raba samarin Zuru da tarbiyya?

Tambaya: Ɗana ya gama sakandare amma bai samu gurbin jami'a ba. Yanzu ba shi da aiki sai zama da wasu samari masu waƙar zamani. Sun raɗa wa kansu suna, askinsu iri ɗaya, har wata Hausa gare su da ba na ganewa. Mu a zamaninmu golmo muka yi. Shin boko ne ya lalata mana yara? Daga wani uba a Rikoto, Zuru.

Amsa: Baba, Allah ya shirya mana zuri'a. Bari mu fara da golmon da ka ambata, saboda masu karatu na nesa. A al'adar Dakarkari, saurayin da ke neman aure yakan shekara bakwai yana yi wa surukinsa noma, kuma ba shi kaɗai yake yi ba. Sa'o'insa ne ke jeruwa da garmuna tun da sassafe, kowa da kunyarsa, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan, wanda ya sare kuwa ya sha dariya. Idan wa'adi ya cika, lokacin bikin Uhola, kowa ya shaida cewa yaro ya zama namiji. Ka ga ke nan golmo yana da ajinsa, da horonsa, da ranar yaye ɗalibai, sannan sakamakonsa tabbas ne: mata da mutunci.

Makarantar gwamnati ta karɓe waɗannan shekarun ne daga hannun gona. A 1976 aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta na UPE, a 1982 aka shiga tsarin 6-3-3-4, a 1999 kuma Shugaba Obasanjo ya buɗe shirin UBE a Sakkwato. Manhajar ɗaya ce daga Legas har Sakaba, ba ruwanta da golmo. Niyyar 6-3-3-4 mai kyau ce, domin an so yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Sai dai injinan koyon kafinta da walda da aka sayo daga waje, da yawansu sun yi tsatsa cikin akwatuna saboda rashin wuta da malamai. Abin da ya rage shi ne karatun jarrabawa, WAEC ko NECO, sannan JAMB, inda masu nema suka fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya faɗo daga wannan tsani, tsarin ba shi da sunan da zai kira shi da shi.

A da aikin soja yana kwashe irin waɗannan samari, har Zuru ta yi suna da shi, ta fitar da manya irin su Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Yau masu neman kakin ma sun yi yawa.

To saurayi ba ya zama ba ƙungiya. Sunan da ka ji sun raɗa, da askin, da zaurancen, duk alamun shiga sahu ne, kuma 'yan golmo ma suna da nasu. Ka leƙa ɗakin da suke naɗar waƙar, wataƙila ka tarar da shago ne ɗan ƙarami, an manna soso a bango don tare amo, ga kwamfuta ɗaya da makirfo, ga janareto da suke haɗa kuɗin mansa. Akwai mai rubuta baiti, akwai mai haɗa kiɗa, akwai mai yanka bidiyo don TikTok. Wannan aiki ne da ake koyo, ko da kiɗan bai yi wa kunnenka daɗi ba, ni ma ba kowanne nake iya saurare ba.

Amma fa ba kowane taro ne na alheri ba. Daba a Kano, Sara-suka a Bauchi da Kalare a Gombe duk daga majalisar samari marasa aikin yi suka tsiro, 'yan siyasa suka ɗora musu makami da ƙwaya. Saboda haka askin ba shi ne abin dubawa ba. Ka duba inda kuɗinsu ke fitowa, da wanda ke ba su umarni, da ko yaron yana kwana a gida cikin hayyacinsa. Maganin tari mai kodin da tiramol su ne abin tsoro, in ka ga alamarsu kada ka jira.

In babu waɗannan alamu, ka kira shugaban samarin gida ku gaisa, yadda suruki yake sanin 'yan golmon da ke gonarsa. Sannan ku yanke wa'adi da ɗanka, kamar shekara guda: ya sake zama JAMB, ko ya shiga shagon wani maigida ya koyi sana'a da safe, waƙa da yamma. Tun 2020 Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta koma jami'ar tarayya, ga ta nan a gida, ya sa ta cikin zaɓinsa idan an buɗe rajista.