Gari a Kan Ruwa

Sani yaro ne ɗan shekara takwas. Gidansu yana unguwar Briqueterie, cikin birnin Yawunde, ba nisa da babban masallaci. Babansa tela ne. Tun Sani yana ƙarami ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka. In ya yi tafiya kaɗan sai gwiwoyinsa su kama ciwo. In yara suna buga ƙwallo, shi sai ya zauna bakin shagon Baba yana kallo. Waɗansu har dariya suke yi masa.

A watan Agusta na shekarar 2017 wani babban jirgin ruwa ya iso tashar Duwala. Sunansa Africa Mercy. Jirgin nan asibiti ne, ana yi wa marasa lafiya aiki a cikinsa kyauta. Likitoci suka duba Sani, suka rubuta sunansa, suka sa masa ranar zuwa.

Daren tafiya Sani ya kasa barci. Bai taɓa ganin teku ba. Jirgin ruwan da ya sani shi ne ɗan kwalekwalen da ke cikin littafinsa na karatu.

Ya ce, “Inna, in ya kife da mu fa?”

Inna ta ce, “Kwanta, ɗan nan. Allah yana tare da mu. Ni ma ai ƙafata ƙafarka.”

Da asuba suka shiga mota. Daga Yawunde zuwa Duwala wajen kilomita 240 ne. Suka wuce Edeya, suka ƙetare kogin Sanaga, suka isa tashar jiragen ruwa a bakin kogin Wuri.

Da Sani ya ga jirgin sai ya saki baki. Fari ne fat, ya fi duk gidajen unguwarsu tsawo. Tsawonsa daga kai zuwa wutsiya mita 152 ne, wajen filin ƙwallo ɗaya da rabi ke nan. Yana da bene takwas. An ɗaure shi da manyan igiyoyi, ko motsi ba ya yi. A da, a ƙasar Danmak yake, yana ƙetarar da jiragen ƙasa a cikinsa. Daga baya aka gyara shi, ya fara aikin asibiti a shekarar 2007.

Wani saurayi ya tarye su a gindin matakala. Ya ce, “Sannunku da zuwa, Inna. Yaya hanya?” Inna ta yi murna da ta ji Hausa. Saurayin tafinta ne, ɗan Kamaru. Yawancin likitocin Turanci suke ji, shi ke juya maganarsu zuwa Hausa ko Faransanci.

Asibitin yana bene na uku. Akwai ɗakunan fiɗa guda biyar, da gadaje wajen tamanin. Aka ba Sani gadonsa. Aka shimfiɗa wa Inna katifa a ƙarƙashin gadon, don a jirgi wuri yana da tsada. Da dare Sani yakan miƙa hannu ƙasa, Inna ta riƙe.

Kashegari aka sa shi barci, aka yi masa aiki. Da ya farka sai ya ga an naɗe ƙafafunsa biyu da filasta, daga cinya har yatsu. Ya ji zafi, ya yi kuka. Aka ba shi magani, zafin ya ragu.

Kowace yamma akan hau da marasa lafiya bene na bakwai su sha iska. Daga can Sani yana hangen kogin Wuri da jiragen kaya. Ran nan sai ya ga waɗansu yara suna wasa. Ya tambayi tafinta, “Yaya, su ma ba su da lafiya ne?”

Tafinta ya yi dariya, ya ce, “Lafiyarsu lau. Nan ne gidansu. Iyayensu a jirgin suke aiki. Mutum wajen 400 ke zaune a ciki, daga ƙasashe da yawa, kuma ba don albashi suka zo ba. Akwai likitoci, da masu dafa abinci, da makanikai, da malamai. Akwai makaranta, da kanti, da ɗakin wanki, da babban ɗakin cin abinci. Jirgin shi ke samar da wutar lantarkinsa. Shugaban kowa da kowa shi ne kyaftin.”

Sani ya ce, “Ashe gari ne!”

Tafinta ya ce, “Akwai waɗanda suka fi wannan girma nesa ba kusa ba. Ana kiransu jiragen yawon shaƙatawa. Iyali sukan biya kuɗi su shiga, su yi mako guda suna zagaya teku.” 

Tafinta bai san jirgin Icon of the Seas ba a lokacin, don sai a shekarar 2024 ya fara aiki daga birnin Miyami na Amurka. Abin da ya gaya wa Sani shi ne, a irin waɗannan jirage akwai ɗakunan kwana, da wuraren ninkaya, da filayen wasan yara, da ƙaramin asibiti. Ruwan teku suke tacewa su cire gishiri su sha. Shi Icon of the Seas tsawonsa mita 365 ne, bene ashirin gare shi, yana iya ɗaukar fasinja 7,600.

Wata rana ƙararrawa ta kaɗa da ƙarfi. Gaban Sani ya faɗi. Tafinta ya ce, “Kada ka ji tsoro, gwaji ne. Kowane babban jirgi yana da rigunan ceto da ƙananan jiragen ceto. Dole ne kowa ya san inda zai tsaya in hatsari ya auku. A teku, in ka ji busa gajere sau bakwai da dogo sau ɗaya, ka bi umurnin ma'aikata, ban da gudu, ban da ture-ture.”

Bayan kwanaki aka sallame su daga jirgi. Suka zauna a wani masauki cikin Duwala. Da makonni suka wuce aka cire filasta. Sani ya dubi ƙafafunsa, ga su a miƙe. Amma ba su da ƙarfi. Sai da ya sake koyon tafiya kamar jariri, yau taku biyar, gobe taku goma. Wani lokaci yakan ce ya gaji. Inna takan ce, “Sannu ba ta hana zuwa.”

A watan Yuni na shekarar 2018 jirgin ya bar Duwala. A lokacin Sani ya riga ya koma Briqueterie. Da ƙafarsa yake zuwa makaranta, da ƙafarsa yake kai wa Baba abinci shago.

SABABBIN KALMOMI

jirgin ruwa: le navire
tashar jiragen ruwa: le port
teku: la mer
kyaftin: le capitaine
tafinta: l'interprète
filasta: le plâtre
rigar ceto: le gilet de sauvetage

TAMBAYOYI

1. Me ya hana Sani buga ƙwallo?
2. Wane kogi suka ƙetare a Edeya?
3. Ina Inna take kwana a cikin jirgi? Don me?
4. Kawo abubuwa huɗu da suka sa Sani ya kira jirgin gari.
5. Me ya kamata fasinja ya yi in ya ji busar hatsari?
6. Daidai ne a yi wa mai naƙasa dariya? Faɗi dalilinka.

AIKI

1. Da mita nawa Icon of the Seas ya fi Africa Mercy tsawo?
2. Zana taswirar Kamaru. Nuna Yawunde, da Edeya, da Duwala.